Shaidun da na kai Kano

Ɗana yana gidan yari mahaifinsa ya rasu. Wata kotu ce a yankinmu ta ɗaure shi, wai shi ya cinna wa rumbun maƙwabcinmu wuta. Alhali ran da rumbun ya ƙone yana Doguwa wurin jana'izar kawunsa, shi ma ya shiga kabari ya karɓi gawa. Ya faɗa wa alƙali, alƙali bai kira kowa ba.

Da na fita takaba, ƙanen mijina ya ce in haƙura, wa'adin yaron ya kusa cika. Na ce wa'adi yana ƙarewa, sunan mai ƙona hatsi ba ya ƙarewa. Muka ɗaukaka ƙara.

A wurinmu, in magana ta wuce mai unguwa ta tafi gaban dagaci, da dattawanka kake zuwa. Saboda haka ranar zama na kwaso liman da tsofaffin da suka sallaci gawar kawun nasa, muka shiga motar Kano a Kwanar Dangora.

Lauyanmu na ganinmu ya riƙe baki.

"Mama, wa ya ce ki kawo su? Nan ba a jin shaida. Abin da kotun farko ta rubuta za su duba, su ga ko alƙali ya kauce."

"Abin da bai rubuta ba fa?"

Liman ya ce, "Yaro, wato kunnensu a jikin takarda yake?"

"Mama, a mayar da su gida."

"Babu inda za su. In ba za a ji su ba, a gan su."

Muka cika benci. Alƙalan ba su ko dube mu ba. Turanci aka yi ta yi, har ɗaya tsohon ya yi gyangyaɗi.

Bayan watanni hukunci ya fito. An soke ɗaurin saboda an hana yaron kiran shaidunsa, an ce a sake shari'a. Ba a wanke shi ba tukuna.

Ƙanen mijina ya ce, "Kin dai mayar da shi farko."

Na ce, "Farkon nake nema."

Na bi tsofaffin gida-gida ina gaishe su, ina cewa kada wanda ya mutu sai an kira shi ba da shaida. Liman ya yi dariya, ya ce wannan ba a hannunsa take ba. Na ce na sani, Malam, na riga na rasa wanda ya fi kowa son jin an wanke ɗansa. Ka dai riƙa shan maganinka.