Littafin da Na Ƙi Yabawa

A makarantar kwana da aka kai mu muna yara, akwai wani malami Bature wanda ya ɗauki wasan kurket da muhimmancin da ya ɗauki darasin lissafi. Saboda jikokina, waɗanda ba su san ƙwallo ba sai ta ƙafa, bari in bayyana shi a taƙaice. Turaka uku ake kafawa a ƙasa. Mutum ɗaya ya tsaya a gabansu da katako mai faɗi yana kare su, wani kuma ya rugo ya jefo ƙwallo mai taurin dutse domin ya kayar da su. Yawancin 'yan wasa a abu ɗaya suke ƙwarewa, ko jifa ko bugu. Wanda ya haɗa biyun ba a cika samunsa ba.

Malamin nan yana da wani tsohon littafi mai jan bango, tarihin wani ɗan wasan ƙasarsu da ya yi wa lardinsu wasa a zamanin tsohuwar sarauniyarsu, tun Turawa ba su kafa mulki a Katsina ba. Hotonsa na ciki, mutum mai gemu har ƙirji, kuma yana cikin waɗanda suka haɗa jifa da bugu. Sau uku malamin ya ara mini littafin, sau uku na sauke shi. Na san yadda mutumin ya fara, na san ciwon kafaɗar da ya kusa raba shi da fili, na san yadda ya koma jifan dabara da ƙarfi ya ragu, har ya ƙare yana koyar da yara. A fili kuwa, gaskiya ɗaya ce, hannuna bai taɓa yi mini biyayya ba. Sai aka ba ni fensir in riƙa rubuta sakamakon wasa a gindin maɗaci, yara suka laƙaba mini Akawu.

Akwai wani ɗan ajinmu, Bafillace daga Babban Duhu. Ni daga Batsari nake, saboda haka mota ɗaya muke shiga idan an yi hutu. Bai taɓa kai ƙarshen shafi ɗaya na littafin ba. Amma idan ya karɓi ƙwallo, turakan nan sai sun kwanta. Idan ya karɓi katako, sai an je neman ƙwallon a bayan ɗakin girki. Na taɓa tambayarsa inda ya koya. Ya ce shi bai koya ba, saniya ce idan ta nufi gonar mutane, da hoge ake juyo ta daga nesa, kuma ba a ba ka damar jifa biyu.

Da malamin zai koma ƙasarsu, ya tara makaranta, ya ɗaga littafin. Na riga na gyara tsayuwata. Sai ya kira ɗan Babban Duhu. Ya ce wasu sun karanta littafin, wannan kuwa yana aikata abin da ke ciki.

A motar komawa gida yana zaune kusa da ni, littafin a kan cinyarsa. Ya ce, "Akawu, ka ga kayan da aka ɗora mini? Ni da zan yi kiwo, ina zan kai shi?"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ƙa'idar. Idan ka yabi abin da ke hannun abokinka, ya zama naka, domin kunya ba za ta bar shi ya riƙe ba. Kalma ɗaya ta rage mini: kai, littafin nan da kyau yake. Amma na ga idan na yabi littafin, na yarda ke nan cewa shi ya cancanci kyautar. Na dubi sama, na ce da alama za a yi ruwa kafin mu isa.

Shekaru suka tafi. Na zama malami, na zama sufeton makarantu, na yi ritaya da mutuncina. Shi ya zama malamin dabbobi a yankin Safana. Ba mu yanke zumunci ba. Suna, ɗaurin aure, ta'aziyya, duk muna haɗuwa. Duk zuwan da na yi gidansa sai na ga jan bangon nan, wata rana a kan akwati, wata rana an ɗora masa rediyo. Na yabi shanunsa. Na yabi hularsa, ya cire ya ba ni. Yanzu haka hulunansa uku suna ɗakina. Littafin dai ban taɓa nuna na gan shi ba.

Bara 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, ya dawo cikin garin Safana wurin babban ɗansa. Da labarin ya iso ni, na yi salati kamar kowa. Amma ina rubuta wannan ne domin in faɗi gaskiya: kafin in tuna da garkensa, littafin na tuna. Na ji tsoron ya ƙone, ko yana can gara na cinsa, alhali ban taɓa mallakarsa ko na yini ɗaya ba.

Na je yi masa jaje da hantsi. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya rame, an shanya gero a gefe. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya ce an tsira da rai, alhamdu lillahi.

"Kaya fa?" na ce. "An samu fitar da wani abu?"

"Buhu biyu. Uwargida ce ta tattara, ta haɗa har da takardu." Ya kalle ni ta wutsiyar ido. "Wane kaya kake tambaya, Akawu? Huluna? Ai ka riga ka kwashe."

Muna haka sai wata akuya ta lallaɓo daga can bakin katanga ta nufi geron. Tsohon nan, wanda sai an kama shi yake miƙewa, ya laluba gefen tabarma ya ɗauki hoge. Daga zaune ya wurga. Hogen ya fashe daidai gaban hancinta, ta yi tsalle ta juya.

Bakina ya riga ni. "Kai! Wallahi ba a taɓa yin hannu irin naka ba."

Tsohon ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "La ilaha illallahu! Yau Akawu ya yabi hannuna. Sai da gemu ya yi fari fat! To, Malam, hannu dai ba ya ciruwa, balle in ba ka. Sai dai in ba ka kyautar da ya ciwo mini."

Ya ɗaga murya ya ce a duba buhun takardu a kawo mai jan bango. Da aka kawo, ya kakkaɓe shi a gwiwarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce tun a motar nan yake jira in yi magana, har ya gaji ya ɗora masa rediyo. Na karɓa, na yi godiya gwargwadon abin da harshena ya iya ɗauka.

Yanzu littafin yana kan teburina a Batsari. A shafin farko akwai rubutun malaminmu, tawadar ta koɗe, amma sunan da ke wurin ba nawa ba ne, kuma ban ga hanyar gyara wannan ba. Na sake karanta shi karo na huɗu. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, duk inda aka ce mai gemun nan ya rugo ya yi jifa, ba shi nake gani ba. Ɗan Babban Duhu nake gani, ni kuma ina gindin maɗaci da fensir.