Ɗigon jan farcen Baba Isiyaku

Yau da safe ina wanke keke a ƙofar gida labari ya iske ni. Baba Isiyaku mai gyaran caja ya rasu.

Sai da na sa wanda ya kira ni ya maimaita. Na ce wane Isiyakun? Ya ce na Makera mana, mai jan farce. Ban san lokacin da na zauna a kan bokiti ba.

Allah sarki Baba.

Waɗanda ba su san shi ba, wani dattijo ne mai ɗan shago a Makera. Da can rediyo da inbata yake gyarawa. Da kekuna da mashina masu aiki da batir suka fara shigowa gari, sai ya koma kan cajojinsu. Mu masu tuƙa keken lantarki daga Unguwar Boro har Mahuta, da wuya ka samu wanda cajarsa ba ta taɓa kwana a teburinsa ba.

Bari in ɗan yi bayani don ku gane abin da zan faɗa a ƙasa. A cikin irin cajojinmu akwai wani ɗan sukuru, bai fi ƙwayar wake ba. In an juya shi, ƙarfin wutar da caja ke tura wa batir yana ƙaruwa ko ya ragu. In wutar ta yi ƙasa, batir ba zai cika ba, kana kan hanyar Kakau da fasinja keke ya mutu maka. In ta yi sama, batir ya ɗauki zafi, ya kumbura, wani lokacin ma ya kama da wuta.

Wannan ɗan sukurun shi ne aikin Baba.

Ba ya taɓa shi sai ya ga batir. Ka je masa da caja a leda, sai ya kalle ka ta saman tabarau ya ce, "Ina batirin? Ni ba na saita caja ban ga abin da za ta ciyar ba." Dole ka koma ka kawo keken. Ya auna da mitarsa, ya juya kaɗan, ya sake aunawa. Kai kana ta tsaki a ranka fasinja na wucewa, shi ko a jikinsa.

In ya gama, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro kwalbar jan farce. E, na mata. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan sukurun, ya hura masa iska har ya bushe, sannan ya rufe cajar. Ɗigon yana riƙe sukurun kada jijjigar hanya ta motsa shi, kuma duk wanda ya taɓa bayansa sai jan ya tsage. Ɗigon nan kullum tsaf yake, kamar da injin aka sa.

Mun tsokane shi a kan kwalbar nan har mun gaji. Mutum da farin gemu da carbi, yana ciniki da mai kayan kwalliya! Ina ce masa, "Baba, Hajiya ta san kana kwashe mata kaya kuwa?" Sai ya ce, "Bitrus, fita idona. Nawa ne, da kaina na zaɓo kalar."

Direbobi da yawa sun roƙe shi ya ƙara musu wuta kaɗan don batir ya cika taf su ƙara sawu ɗaya. Bai taɓa yarda ba. Wasu sun yi fushi sun tafi wani wuri, bai bi su da ko kallo ba.

Abin da ya haɗa ni da shi sosai ya faru ne lokacin da na sa sabon batir. Ya tambaye ni inda nake caji. Na ce a gida. Ya ce a ina a gidan? Na ce a falo, don gidan haya ne, nan kaɗai nake da soket, kuma in na bar batir a waje sai dai in ji labarinsa. Ya gama saitinsa ya miƙo mini cajar.

Ranar Lahadi mun dawo daga coci sai ga Baba a ƙofar gidanmu a kan tsohon mashin ɗinsa. Daga Makera har Unguwar Boro, ba wanda ya kira shi. Ya gaisa da matata Rahila, ya shiga falo ya ga inda nake ajiye batir. Sannan ya ga katifar yara a jingine da bango.

Ya ce, "A nan yaran nan ke kwana?"

Na ce a nan ne, Baba.

Ya zauna a ƙasa, ya buɗe cajar da ya riga ya saita, ya kankare jan, ya sake saitawa. Ya ce, "Na rage maka kaɗan. Ba zai cika taf ba, za ka rasa sawu ɗaya a yini. Amma za ka yi barci." Ya sa na matsar da batirin kusa da ƙofa, ya ce kada a kuskura a ɗora masa kaya. Ko ruwan da Rahila ta kawo sai da ta matsa masa ya sha.

Haɗuwarmu ta ƙarshe makon jiya ce. Na lura batir yana zafi, kuma koriyar fitilar da ke nuna ya cika ta daina kamawa. Na kai masa. Ya auna, ya girgiza kai, ya ce wani abu ya lalace a ciki, wutar tana hawa da kanta. Ya ce in bar masa cajar, tunda ya riga ya auna batirin, sai ya samo kayan ya canza, sannan ya sake saiti.

Ina fita ya kira ni. "Bitrus, kada ka ari cajar kowa. Ko bakinta ya shiga daidai, cikinta ba irin taka ba ce. Ka yi haƙuri ka jira ni."

Na jira. Keke a ajiye, ba aiki, gida kuma ga bakuna. Abokai biyu sun ce in zo in ɗauki tasu, na kalli katifar yara na ce a'a. Shekaranjiya na kira shi, muryarsa can ƙasa. Ya ce zazzaɓi ne ya ɗan kwantar da shi, amma bai manta da ni ba.

Ashe ba ɗan zazzaɓi ba ne.

Na je jana'iza. Bayan an dawo daga maƙabarta, ƙanensa Alhaji Sabo ya buɗe shagon, don ya san akwai masu jiran cajojinsu su fita neman abinci. Shi tela ne, bai san wacce aka gama da wacce ba a gama ba. Ga su nan jere a kan tebur. In tawa ba ta gamu ba, ban san hannun wanda zan yarda da shi ba.

Alhaji Sabo ya ce jiya da hantsi Baba ya matsa sai an kawo shi shago. Sun hana shi, ya ƙi. Shi ya goyo shi a mashin. Ya ce caja ɗaya tak ya taɓa, yana yi yana hutawa, da ya gama ya ce a mayar da shi gida.

Na ce, "Alhaji, ya faɗi ta wane ne?"

Ya ce, "Bai faɗi suna ba. Cewa kawai ya yi akwai yara a ɗakin."

Na ɗauki sukundireban Baba na buɗe tawa. Ga sabon kayan da ya sa, ga jan a kan sukuru. Sai dai wannan karon ɗigon ba tsaf yake ba. Ya zarce gefe, ya ja layi, ka san hannun da ya sa shi rawa yake yi.

A nan na yi kuka, a gaban mutane, ban ji kunya ba.

'Yan'uwana direbobi, don Allah ku saurara. Duk wanda ya karɓo caja daga shagon Baba yau, ya buɗe ya duba kafin ya jona. In babu sabon ja a kan sukurun, bai kai ga saita ta ba. Kada ka sa wa batirinka, ka nemi mai mita ya auna maka tukuna. Ku tura wa sauran.

Tawa na jona ta da yamman nan da aka kawo wuta. Na yi ta ɗora hannu a kan batir, sanyi ƙalau. Ɗazu koriyar fitila ta kama. Yara suna gefenta suna aikin makaranta.

Allah ya jiƙan Baba Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya ba shi hutu irin wanda ya ba gidana. Allah ya ba Hajiya da 'ya'yansa da Alhaji Sabo haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko masallaci kake zuwa ko coci, ka sa shi a addu'a. Rahila ta riga ta ce wa yara su ma su yi masa kafin su shimfiɗa katifa.