Yadda Tururuwar Malam Ta Dawo Mini da Asiya

Duk wanda ya san gidanmu a Gadarif ta ƙasar Sudan ya san ba a shigarsa da sauri. Kana yin sallama za ka ji muryar Malam daga rumfa: "Wa alaikumussalam, duba ƙafarka!" Ba kai yake ji wa tsoro ba, tururuwa yake ji wa. Shekara arba'in da ɗoriya ina zaune da mutumin nan, Allah ya jiƙansa, ban taɓa share tsakar gidana yadda raina ke so ba. Ni ban yi karatu ba, autarmu Asiya ce ke rubuta mini, na kuma ce kar ta gyara mini magana. In kun ji na yi shiru kuka nake, ku yi haƙuri da ni. Ba don wannan hali na ubanta ba, da yau yarinyar nan ba ta zaune a gabana.

Da safe in ya sha shayi sai ya tsuguna bakin raminsu, ya zuba tsabar dawa nan, ya zuba can, ya goga yatsa ya yanke layinsu, ya zura ido.

"Hajja, zo ki ga ikon Allah."

"Malam, gurasar kisra na kan wuta."

"Bar ta ta ƙone. Kin ga waccan? Ta samo abinci, tana dawowa tana barin ƙanshi a ƙasa. Wadda ta bi gajeriyar hanya ita ke riga dawowa, ƙanshin wajen ya fi ƙarfi, kowa ya bi. Ba shugaba, ba mai busa usur, kuma ba wadda ke ɓata."

"Ba sa ɓata kam! Ƙannensu kiyashi duk suna cikin gwangwanin sukarina."

"To kin gani? Sau uku kina sauya masa maɓoya suna ganowa. Ni da nake mijinki har yau ban gano ba."

Shi ya sa unguwa ta sa masa Sarkin Tururuwa, ya kuwa amsa kamar an naɗa masa rawani.

Lokacin da yake shugaban ma'aikata a wata babbar gonar riɗi a Simsim, kun dai san lakar ƙasarmu da damina, lori sai ta kafe kwana biyu. Hanyar gonar ta rabu uku a gindin wata bagaruwa, ba wanda ya san wadda ke biyuwa sai ya shiga. Malam ya kafa doka: duk direban da ya je ya dawo lafiya, ya ɗaura tsumma a reshen da ke kallon hanyar da ya bi. Mai zuwa ya bi inda sabon tsumma ya fi yawa. In hanya ta lalace ba mai ƙara mata, rana da iska su cinye na da, a manta da ita.

Mai gonar ya ga bishiya ta yi ado ya ce, "Kai mutumin nan, boka muka ɗauka aiki?"

Malam ya ce, "A'a, almajirin tururuwa."

Kafin kaka loriyoyi sun daina kafewa, kowa na yabonsa. Ni ma na yaba, har ranar bikin 'yar ƙanwata da na buɗe akwati na ɗauko jan tob ɗina, lulluɓin nan namu mai tsawo, na tarar saura rabi.

"Malam, ina rabin tob ɗina?"

"Yana Simsim yana tara miki lada. Ja ya fi ganuwa daga nesa."

"Ni kuma in yafa me?"

"Ai ke gajera ce, Hajja."

Wallahi kwana uku ban sa masa sukari a shayi ba.

Asiya ta tafi Hartum ta karanta kwamfuta. Wani hutu ta zo tana ba shi labari, wai masana sun kwaikwayi tururuwa wajen koya wa saƙo neman hanya a cikin shabaka, wato layukan waya. A saki 'yan ƙananan saƙonni ta hanyoyi da yawa, wadda ta fi saurin dawo da amsa a ƙara mata, wadda ta toshe a bar ta.

Malam ya ajiye kofi. "Shekara nawa kika yi a can?"

"Huɗu, Baba."

"La ilaha illallahu! Shekara huɗu kina koyon abin da ke bayan ɗakin uwarki! Su waye malaman? Sun tambaye ni?"

Daga ranar ya ce a riƙa kiransa Dakta. Ni dai ban taɓa kira ba.

Sai yaƙi ya zo. Asiya na aiki a Hartum, ta gudu da mutane, muna magana jefi-jefi, rana ɗaya waya ta ɗauke ɗif. Sati ɗaya, sati biyu, wata guda. Ban san tana raye ba ko ta mutu. Na daina cin abinci, ina zaune ina danna waya kamar mai jan carbi.

Malam kuwa ya ɗauki sanda ya tafi tasha. Duk direban da zai yi yamma, duk mai sayar da shayi, duk ma'aikacin gona da ke komawa gida, sai ya ɗora masa magana ɗaya: "Asiya 'yar Sarkin Tururuwa na Gadarif, ta aiko da amsa ta bakin wanda ya faɗa mata." Ya ce kowa ya faɗa wa mutum uku, su ma su faɗa wa uku.

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah! 'Yata ta ɓace kana wasan tururuwa? Mutane ba ƙwari ba ne!"

Bai yi mini gardama ba. Ya ce, "Hajja, ban san hanyar da ke raye ba. Ke ma ba ki sani ba. A bi duka."

Hanyoyi da yawa shiru. Rannan sai ga wani direban lorin albasa da ke bi ta Fau, ya yi sallama. Ya ce wata mai shayi ta faɗa masa, ita ma wani mai keken jaki ya faɗa mata, akwai wata Asiya a wata makaranta da mutane suka fake, a wani ƙauye, ta ce a gaya wa Dakta tana nan lafiya. Da na ji "Dakta" na san ita ce, na faɗi na yi sujada.

Malam ya bar sauran hanyoyin, ya zuba komai a wannan. Ya aika, amsa ta dawo. Ya sake aikawa, ta dawo ta bakin direban nan. A na uku ya ce ta biyo saƙon, daga mai jaki zuwa mai shayi, daga mai shayi zuwa lori. Ta sauko a ƙofar gidanmu da azahar, a rame, tana warin albasa. Na ƙanƙame ta ina ihu.

Shi kuwa ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "To, yanzu kika ci jarrabawa." Ya zagaya bayan ɗaki wai zai yi alwala. Na bi shi da buta, don ya manta da ita, na same shi ya dafa bango yana kuka kamar yaro.

Bai ga yankan riɗin da ya biyo baya ba. Zazzaɓin kwana huɗu, Asiya na riƙe da kansa.

Asiya, goge idonki ki rubuta wannan. Ya Allah, mai jakin nan da mai shayin nan ban san sunansu ba, Kai ka sani, Ka saka musu da alheri. Uwayen da har yanzu ke jiran amsa, Ka kawo musu. Malam kuwa, na yafe masa duniya da lahira. Ka yalwata masa kabari, Ka sada mu a inda ba a rabuwa. Amin.