Malam Daudu, Mai Gina Zaure Da Sauti

Kowace safiya Malam Daudu yakan buɗe ɗan sitidiyonsa da ke bayan kasuwar Kazaure, ya share ƙasa, ya tsaya tsakiyar ɗakin ya tafa hannu ya kasa kunne. Maƙwabta sun daɗe da daina yi masa dariya. Bangon ɗakin duk soso ne, murya ba ta dawowa. Aikinsa shi ne ya ɗauki muryar mutum a bushe, sannan ya yi mata ɗaki a kwamfuta, ko soro, ko masallaci, ko fili. Mawaƙanmu kuwa abu ɗaya suka sani, amsa-kuwwa: "Malam, ƙara eko!" Sai ya ce eko daban, ɗaki daban. Bana ya ajiye aiki saboda kunne ya fara gajiya.

Nafisat 'yar Babura ce ta ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mahaifinta, Baba Kura, ya tsufa yana rera ƙasidu a zaurensa na ƙasa, har ruwan damina ya rushe zauren. Sai ciwon maƙogwaro ya kama shi. Likitoci suka sa ranar tiyata, suka faɗa masa gaskiya cewa muryar ba za ta dawo ba. Ana gobe tafiya asibiti a Kano Nafisat ta kawo shi wurin Daudu don a ɗauki muryarsa.

Tsoho ya ja baiti ɗaya ya tsaya.

"Wannan ba muryata ba ce. Ɗakin nan kurma ne."

Daudu ya sa masa abin ji a kunne, ya buɗe masa amsa-kuwwa. Baba Kura ya gwada, tari ya sarƙe shi.

"Ɗana, rijiya ka jefa ni?"

Daudu ya rage. Tsoho ya ce yanzu kuma ɗakin siminti ne. Kowane gwaji yana cin ɗan abin da ya rage na muryar, har ta fara dushewa. Nafisat ta ga jini a hankicinsa, hankalinta ya tashi.

"Baba, mu haƙura mu tafi."

"Baba, kada ku ƙara cewa komai," in ji Daudu. Ya juya gare ta. "Rufin zaurensa azara ne? Yashi ne a ƙasa ko daɓe? Me ke cikin zauren?"

Ta ce azara ce, da yashi, sai wata tsohuwar randa da babu ruwa a lungu.

"Randa!" in ji Daudu.

Gumi na zuba masa, ya gajarta amon, ya tausasa shi, ya ƙara ɗan sautin da bakin randa ke yi. Ya roƙi tsohon ya yi gyaran murya kawai.

Baba Kura ya yi. Sai ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama kamar mai shiga gida, ya rufe ido ya rera ƙasidar har ƙarshe.

Malam Daudu, kai ne ka ji zauren da ba ka taɓa shiga ba. Kunne uban aiki! Matasan da ke wannan sana'a daga Roni har Gwiwa, ku koyi tambaya da saurare kafin ku taɓa maɓalli.

An yi tiyatar lafiya. Baba Kura yana nan da rai, jikokinsa suna jin muryarsa a waya. Shi dai ba zai iya ce maka ya gode ba, shi ya sa muke faɗa maka a madadinsa. Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri.