Fulawar Malama Rakiya

Cikin shekarun da na yi ina aikin malamin gona, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Litinin a tsakiyar damina, ranar da na ɗaga tukunyar fulawar Malama Rakiya wani wari ya daki hancina. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin ana tsokanata da "likitan fulawa", to yau bari ku ji inda sunan ya samo asali, daga bakin mai shi.

A lokacin ina zaune a Gwarzo, kullum da safe in hau babur in tafi ƙaramin ofishinmu a yankin Kabo. Tsarin aikin kamar yadda kuka sani ne: kowane malamin gona yana da ƙauyukan da aka ba shi, ni Dugabau da kewayenta nake zagayawa. Mu duba gonakin gwaji, mu nuna wa manoma tazarar shuka da lokacin zuba taki, ranar Litinin kuma mu haɗu a ofis kowa ya ba da rahoto. Shugabanmu Alhaji Ɗanjuma ne, mutum mai sauƙin kai amma mai son a gama magana da wuri. Akwai Baba Iro mai gadi, wanda ya riga kowa fara aiki a wurin. Sai Malama Rakiya, sakatariyar ofis, ita ke buga mana rahotanni, kuma ita kaɗai ce take iya karanta rubutuna ba tare da ta kira ni ba.

A gefen teburinta, nesa kaɗan da taga, akwai wata 'yar fulawa a cikin tukunyar roba. Ganyenta kore shar, mai kauri, mai sheƙi, kowanne kamar bakin cokali. A jikin tukunyar an rubuta peperomia, mu dai fulawar Rakiya muke ce mata. Mijinta direban babbar mota ne, yana kai hatsi Kudu, shi ya kawo mata ita daga wata tafiya. A gida awaki ba za su bar ta ba, shi ya sa ta ajiye ta a ofis. Ta shekara shida a wurin. Mu maza ba mu taɓa kula da yadda take yi da ita ba, sai dai mu ga tana goge ganyen da tsumma mai laima.

Gab da faɗuwar damina mijin ya kwanta ciwo, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. Muka je ta'aziyya gaba ɗayanmu. Muna zaune a ƙofar gida sai yayanta ya fito daga ciki ya durƙusa kusa da ni, ya ce, "Malam Sale, Rakiya ta ce a roƙe ka, don Allah ka kular mata da fulawarta har ta fita takaba. Ta ce kai ne ka san shuka." Na ce ya gaya mata ta kwantar da hankalinta, amana ce na karɓa. Wallahi a zuciyata har da ɗan jin daɗi, wai an san gwani.

Wata huɗu da kwana goma za ta yi a gida, ofis ya ba ta hutu. Ni kuwa washegari na fara aiki. Na dubi fulawar na ce haba, shuka a ɗaki ba rana? Na ɗauke ta na ɗora a kan dakalin baranda inda hantsi ke dukanta sosai. Na kawo 'yan ƙwayoyin takin yuriya na binne mata a gindi. Kullum da safe kafin in fita ƙauye sai na ba ta ruwa kofi guda. Abin da zan yi wa masara shi na yi mata, ban rage komai ba.

Ba a yi sati biyu ba gefen ganyen ya fara ƙonewa. Na ce rana ce ta yi yawa, na mayar da ita ciki, amma ruwa ban fasa ba. Sai ganyen ya fara laushi, yana langaɓewa, na ƙasa suna yin rawaya suna faɗuwa. To ku gaya mini, mutumin da ya tashi a ƙasar da ake noma da ruwan sama, ya ga shuka ta langaɓe, me zai ce? Ƙishirwa. Na mayar da kofi ɗaya ya zama biyu.

Mai ɗakina Binta takan je gaishe da Malama Rakiya lokaci lokaci, ni nake sauke ta a ƙofar gidan in wuce. Duk zuwan da za ta yi sai ta dawo da tambaya ɗaya: yaya fulawa? Ni kuma amsata ɗaya: tana nan lafiya. Ran nan Binta ta dube ni ta ce, "Malam, wannan lafiyar da kake faɗa kana kallon ƙasa, ban yarda da ita ba. Me zai hana in tambayo maka yadda take yi mata?" Na ce, "Shekara nawa ina koya wa manoma shuka, yau sakatariya ce za ta koya mini?" Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar Litinin ɗin da na faɗa muku, taro ya ja mu har azahar, abin da ba mu saba ba. Na idar da salla na shigo ɗaukar jakata, sai ga Baba Iro tsaye a kan fulawar yana tsiyaye mata ragowar ruwan butarsa. Na ce, "Baba, me kake yi haka?" Ya ce, "Ladan nake nema, Malam. Baiwar Allah tana cikin takaba, abarta tana mutuwa, ruwan alwala kuma ai ba a zubar da shi a banza." Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun ranar sadakar uku, azahar da la'asar, wani lokaci har da safe.

Bai rufe baki ba Alhaji Ɗanjuma ya shigo da tasa butar, ya nufi fulawar kai tsaye. Da ya ga muna kallonsa sai ya tsaya, ya ce, "Lafiya? Ai kullum nake yi." Aka bincika, ashe sauran malaman gona biyu ma haka suke yi duk ranar da suka shigo. Mutum biyar, kowa yana ba ta ruwa a ɓoye, kowa yana ganin shi kaɗai ne yake tausaya wa matar nan. Ba wanda ya gaya wa wani, don ba a tallata aikin lada.

Na ɗaga tukunyar, na ji ta yi nauyi kamar an cika ta da laka, ga wari. Na kifa ta a kan tsohuwar jarida. 'Yan ramukan ƙasan tukunyar duk sun toshe, ƙasar ta zama taɓo, saiwoyin da ya kamata su zama farare sun yi baƙi, in ka taɓa sai su narke a yatsa. Daga rassa biyar, uku sun ruɓe tun daga gindi. Na zauna a kujerar Malama Rakiya. Kunya na ji, da tsoro, don na san abin da fulawar nan take nufi a wurinta.

Alhaji ya ce, "Malam Sale, kar mu tsawaita. Ranar Asabar zan shiga Kano, akwai masu sayar da irinta a bakin titi. A sa a tukunyar, shi ke nan." Na ce, "Yallaɓai, wadda za ka sayo kai ka sayo ta, wannan kuwa marigayi ne ya kawo." Ya ce, "To me za ka yi?" Na ce zan fara da abin da ya kamata in yi tun farko.

Da na koma Gwarzo da yamma na ce wa Binta gobe zan kai ta gidan takaba, ta tambayo mini. Ba ta yi mini dariya ba, Allah ya saka mata, amma ta ce, "In faɗa mata gaskiya?" Na ce ta faɗa mata fulawa ba ta da lafiya, laifina ne, kuma ina kan gyara.

Saƙon da ta dawo da shi gajere ne. Malama Rakiya ta ce mai sayarwar ya gaya wa mijinta, shi kuma ya gaya mata: ganyen nan mai kauri rumbun ruwanta ne, ba ta son a dame ta. A tsoma yatsa a ƙasar har gaɓa ta biyu, in an ji danshi a ƙyale ta. Da damina takan yi kwana goma ko fiye ba ta ba ta ko ɗigo ba. Haske take so, ba rana ba. Taki kuwa ba ta taɓa sa mata ba. Binta ta ce da ta gama faɗa sai ta juya fuska bango, ta ce, "Ki ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa, in ta tafi ma ba komai." Wannan "ba komai" ɗin ya fi zagi yi mini ciwo.

Daga nan ne ilimin aikin ya yi amfani. Na sayi sabuwar reza, na wanke saiwar a hankali, na yanke duk inda ya yi baƙi har na iso fari. Abin da ya rage bai kai cikin tafin hannu ba: rassa biyu, ganye bakwai, da 'yan saiwoyi da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na barbaɗa garin gawayi a wuraren yankan, na ajiye ta a inuwa kwana ɗaya ta sha iska. Na sa wata mai ginin tukwane ta yi mini kasko mai huda uku a ƙasa. Na haɗa yashi da ɓuntun shinkafa da gutsattsarin gawayi da ƙasa kaɗan, yadda in ka zuba ruwa zai wuce nan take. Na dasa ta, na mayar da ita daidai inda mai ita take ajiye ta, na bar ta sati guda ba ruwa.

Wannan satin ya fi komai wuya, ba gare ni kaɗai ba. Na rubuta takarda na manna a jikin kaskon cewa kar wanda ya zuba ruwa. Baba Iro ba ya karanta boko, kuma ransa ya ɓaci. Ya ce, "Yanzu Malam, muna kallo abu yana jin ƙishirwa mu wuce?" Na kama hannunsa na tsoma yatsansa a ƙasar, na ce, "Me ka ji?" Ya ce da sanyi sanyi. Na ce to ta ƙoshi. Daga ranar ya zama shi ne ɗan sandan fulawa, in ya ga mutum ya nufo teburin da buta sai ya yi gyaran murya. Ragowar ruwan alwala kuma aka koma zuba wa bishiyar dalbejiyar ƙofar ofis.

Ganye biyu suka ƙara faɗuwa, saura biyar. Reshe ɗaya ya bushe, ya tafi da ganye ɗaya. Na yi sati uku kullum in shigo in tsuguna in duba, ba abin da ya canza. Manoman Dugabau har suna tambayata ko ba ni da lafiya. Sai wata safiya, dawa ta fara fitar da kai a gonaki, na ga wani ɗan tsiro a saman reshen da ya rage, ƙarami kamar ƙwayar wake, a naɗe. Na kira Baba Iro, ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya fita yana goge ido da hularsa.

Malama Rakiya ta dawo aiki ana shirin girbi. Ta rame, ta yi shiru fiye da da. Muka yi mata gaisuwa, Alhaji ya yi addu'a, kowa ya kama gabansa, ni na tsaya. Fulawar da ta bari cike da tukunya yanzu reshe ɗaya ce, tsofaffin ganye huɗu masu tabon ƙuna da sababbi uku. Na ce, "Malama, ga amanarki. Ba haka kika ba ni ita ba. Ni na fara ɓata ta da rana da taki, sannan dukkanmu muka taru muka kusa kashe ta da ruwa. Ki yafe mana."

Ta zauna, ta jawo kaskon gabanta, ta shafa wani tsohon ganye mai tabo da babban yatsa. Ta ce, "Ita ce dai, Malam Sale? Ba wata aka sayo ba?" Na ce, "Ita ce, wallahi." Ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Satin da ya wuce aka raba gado. Motar, gidan, har agogonsa, komai an raba yadda shari'a ta ce, kuma ban ce an cuce ni ba. Amma wannan ce kaɗai ya miƙo mini da hannunsa, kuma ba wanda zai zo ya ce a raba ta." Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko tsummanta. Na fita baranda na tsaya, don ba na son ta ga fuskata.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mu malaman gona muna da saurin ba da magani. Manomi ya ce gonarsa ta yi rawaya, kafin ya rufe baki mun ce taki. Tun daga wannan shekarar ban ƙara ba da shawara ba sai na tona gindin shukar na gani da idona, sannan na tambayi mai gonar yadda ya saba yi da ita, ko da bai taɓa shiga aji ba. Mutanenmu kuma ba mugunta ce take sa su ɓarna ba, yawanci tausayi ne da ba a yi shawara ba, don haka in za ku hana su, ku hana su da mutunci. Malama Rakiya ta yi ritaya shekara biyu kafin ni, ranar da za ta tafi ta ƙi yarda a ɗaura kaskon a bayan babur, a cinyarta ta riƙe shi har gida.