Shafin da Ba Ya Buɗewa Sai Gaban Shugaba

Baba Akawu ya riga ginin ajujuwan sama zuwa makarantarmu. Da masinja ya fara, yana kai takardu ofis-ofis, har tsohon akawun ya koya masa tafireta da yatsa biyu. Da yatsun nan biyu ya buga sakamakon jarrabawar rabin iyayen da suke kawo mana 'ya'yansu yanzu. Ni malamin lissafi ne, teburina yana jikin bangon ofishinsa, bangon kuma na katako, don haka ko tari ya yi sai na ji.

Mutum ne mai jiki, tubarkalla, ga ladabin da har yakan ba ni haushi. Babba ba ya shiga ofishinsa ya same shi a zaune. Ko a waya Shugabar makaranta ta kira shi, sai ya miƙe, ya gyara zaman hula, sannan ya amsa. Yana da wata kujerar ƙarfe da ya gada a wurin tsohon akawun, ba mai zama a kanta sai shi. Abin da yake taƙama da shi a duniya ɗaya ne: shekara ashirin da bakwai yana aiki, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Da aka kawo kwamfuta kowa ya ce Baba ya gama yawo, amma ya ba mu kunya. Ya koya, da yatsunsa biyu, yana dukan madannai kamar sun yi masa laifi. Rigimar ta taso ne bana, da hukumar jarrabawa ta ce rajistar 'yan ajin ƙarshe a intanet za a yi, kuma ranar Alhamis ƙarfe biyu za a rufe shafin. Yara ɗari da goma sha takwas gare mu.

Shafin nan sai ya buɗe lafiya lau, Baba ya shigar da yaro biyu ko uku, ya jingina ya sauke numfashi, sai 'yar da'irar nan ta kan allo ta kama juyawa. Ta juya, ta juya, sannan allon ya yi fari, a ce ba a samu shafin ba. Baba ya matso ya ƙura masa ido yana danna sabuntawa, sai ya dawo kamar ba shi ba. Wani lokaci minti ɗaya, wani lokaci rabin sa'a.

Shawara kuwa ya sha ta. Malamin kimiyya ya ce ya goge tarihin burauzar, wato manhajar buɗe shafin intanet, da tarkacen da take ajiyewa, ya goge, har da kalmar sirrinsa ta tafi. Ni na ce ya gwada wata burauzar, ya gwada, ita ma halinsu ɗaya. Aka kashe akwatin intanet aka kunna ya fi sau ashirin. Shi kansa Baba ya ƙirƙiro nasa maganin: ya lura wai shafin ba ya son fanka, sai ya kashe ta ya zauna yana zuba gumi. Da hakan bai yi ba ya koma zargin taga.

Aka kira injiniya. Baba ya miƙe ya tarbe shi, injiniyan ya sunkuya a kan teburin ya danna, shafi ya buɗe fes. Ya rufe ya sake buɗewa sau biyar, ko gezau.

"Baba, lafiyarsa ƙalau," in ji shi, ya rataya jakarsa.

Bai kai bakin ƙofar makaranta ba na ji salatin Baba ta cikin bango.

Mafi munin abin shi ne Shugaba. Sabuwa ce, siririya, mai sauri, ba ta son a maimaita mata magana. Sau uku Baba yana aika mata cewa shafi ya ɗauke, sau uku tana zuwa, yana miƙewa da "ranki ya daɗe", shafin yana buɗewa a gabanta. Ran Alhamis da hantsi, saura yara arba'in da ɗaya, ta zo na huɗu. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya miƙe, shafi ya buɗe, ta dubi allon, ta dube shi.

"Baba, in aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa, a mayar da kai sito ka kula da alli da tsintsiya. Ba sai ka yi mini ƙarya ba."

Na ga fuskarsa, kuma ban so na gani ba. Ta fita, ya zauna jagwab, da'irar ta ci gaba da juyawarta. Wallahi raina ya ɓaci, don na san ba zancen siton ne ya taɓa shi ba.

Ana haka sai ga Goggo, matarsa, ta biyo shi da maganin hawan jininsa da ya manta. Tela ce, shekara talatin tana kan keken ɗinki, kuma ita kaɗai ce a duniya Baba ba ya miƙe wa. Ta same shi ya zabga tagumi, na ba ta labari a taƙaice.

"Wato in manya sun shigo ya buɗe, in sun fita ya rufe?"

"Haka nake gani, Goggo. Kamar mai tsoron hukuma."

"Kai Malam, na'ura ce za ta san manya? Ni kekena in yana ɗinki yana tsayawa, ƙafata nake fara dubawa." Ta juya wurin mijinta. "Maigida, tashi."

"Ke, ina cikin wani hali."

"Tashi na ce."

Ya tashi. Shafi ya buɗe. Ta ce ya zauna ya jingina, ya jingina, shafi ya ɗauke. Ta sa shi tashi da zama sau huɗu a gabana, kamar ɗan aji ɗaya da ya yi laifi, sannan ta durƙusa ta ɗaga gefen tsohuwar ledar da aka shimfiɗa a ƙasa. Ga wayar intanet nan an bi da ita ta ƙarƙashi, daidai inda ƙafar kujerar ta baya take sauka. Ta lotse, ta baje kamar an bi ta da dutsen guga. In ya jingina ta yanke, in ya matso gaba ko ya miƙe ta haɗu.

"Kujera uku ka karya mini a gida," in ji Goggo, "yanzu ka koma kan ta gwamnati."

Na ce a janye wayar kawai ya ci gaba, lokaci yana tafiya. Baba ya ce ba mai taɓa ta sai Shugaba ta gani da idonta. Na nuna masa agogo, sha biyu ta wuce. Ya ce ya gani.

Aka kira Shugaba, ta zo tana cika tana batsewa. A karon farko a tarihin makarantar, Baba ya nuna kujerarsa ya ce wa wani ya zauna.

"Ranki ya daɗe, ki zauna ki jingina, ki ga yadda yake yi."

Ta zauna, ta jingina. Shafin ya tsaya daram, ko ƙyaftawa bai yi ba. Baiwar Allah ba ta da nauyin da zai dame shi. Ta ɗaga gira ta dubi Baba.

Goggo ba ta yi wata-wata ba. Ta sauko da manyan littattafan rajista daga kan kantar ofis, masu bangon kwali, ta fara jera wa Shugaba a cinya. Ɗaya, biyu, uku, shafi yana nan. Biyar, yana nan. Shugaba ta buɗe baki za ta yi magana, Goggo ta ɗora na bakwai, ya kai mata haɓa. Sai ga da'irar nan ta fito tana juyawa, allon ya yi fari.

Ban taɓa murnar lalacewar abu irin ta ranar ba.

Shugaba ta daɗe tana kallon allon ta saman littattafan. Ta yunƙura za ta tashi, nauyi ya hana ta, don haka daga zaune ta yi maganar, shi yana tsaye a kanta.

"Baba, na yi maka ba daidai ba. Ba ka yi ƙarya ba. Ka yafe mini."

"A gaban Malam kika faɗi waccan," in ji shi a hankali, "na gode da kika faɗi wannan ma a gabansa."

Ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin hannun riga, bai ɓoye ba. Sannan ya fara kwashe littattafan daga cinyarta ɗaya bayan ɗaya.

"To ranki ya daɗe, a ba ni wuri. Yara arba'in da ɗaya suna jirana."