Hannun Anti Galiema a Kan Baƙin Yadi

Ƙarfe shida da rabi na safe Anti Galiema Toefy take sauka daga motar unguwarsu, Bonteheuwel, ta tako zuwa 'yar ma'aikatarmu da ke Maitland, riƙe da burodinta da fulas ɗin shayi. Da shigarta sai ta rufe tagogi duka, ko da zafi zai gasa mu. Ta goge teburin gilashi sau biyu, ta cire zobe, ta wanke hannu, sannan ta warware naɗin yadin kabon. Shekara ashirin da uku haka take yi. Ni na yi sha huɗu a gefenta ina gyaran mazubin da ake kwantar da fiffike a ciki, don haka abin da zan faɗa ganau nake, ba jiyau ba.

Ƙananan jirage marasa inji muke ƙerawa, irin waɗanda masu hali ke sarrafawa da rimot a bakin tsauni. Fiffikensu ya fi mutum tsawo, amma bai kai burodi guda nauyi ba. Abin da ke riƙe da shi wannan baƙin yadi ne, siriri kamar ɓawon albasa. Ka yi atishawa kusa da shi, zaren ya goce. Ka ja shi da yatsa, saƙar ta karkace, kuma ba ta komawa. Anti Galiema ta zo mana ne daga wani kamfanin ɗinki na Salt River da aka rufe, inda ta daɗe tana yanka silikin rigunan amare. Ita ta gano cewa a manna yadin a jikin takarda da ɗan feshin gam, a yanka a karkace, a ɗauke shi da takardar har cikin mazubi, sannan a zare ta a hankali. Kafin zuwanta rabin naɗi a kwandon shara yake ƙarewa. In ta shafa gam kuwa, sai ta bi tana tsotse rarar da takarda, tana cewa jirgi ba jaki ba ne da za a labta masa kaya.

Wata shekara maigidanmu, Mista Rautenbach, ya karɓi aikin wani matuƙi da zai je gasa a Turai. Don rage nauyi, maigida ya ce a cire shimfiɗar yadi ɗaya a gindin fiffiken, inda yake haɗuwa da gangar jirgi.

"Yallaɓai, nan ne ƙugunsa," in ji Anti Galiema. "In ka rage masa nan, iskar farko za ta karya shi."

Ya ce ta tsaya ga almakashinta, ta bar lissafi ga waɗanda suka yi karatu. Ta yi yadda ya ce. A tashin gwaji fiffiken ya karye daidai inda ta nuna. Ya dawo ya jefa mata shi a tebur, a gaban kowa, ya ce sakacinta ne, ta bar iska a ƙarƙashin yadi. Mu shida muna tsaye, duk mun ji ranar da ta gargaɗe shi, amma ba wanda ya buɗe baki. Har da ni. Wannan shirun yana cikin abin da ya sa nake wannan rubutu.

Ba ta yi musu ba. Ta share tebur, ta sake wani cikin kwana tara, ta mayar da shimfiɗar da aka cire, ta rage nauyin a wuraren da ita kaɗai ta sani. Da aka ɗora a sikeli, bai ma kai nauyin da maigida ya nema ba. Jirgin ya ciwo kofi. Da masu mujalla suka zo ɗaukar hoto, Mista Rautenbach ya ɗaura sabon gyauton aiki, ya riƙe almakashinta, ita kuma aka ce ta ɗora wa baƙi shayi. A mujallar, da sunansa aka kira dabarar takardar.

Anti, ke ce ba ki taɓa ɓata fiffike don huce haushi ba, alhali hanya ɗari kika sani da ba wanda zai gane. Ke ce kike tsayawa a kan sababbin ma'aikata kina riƙe musu hannu har su daina rawa. Gam ɗin ya ci fatar yatsunki har ta tsattsage, kina alwala kina cije leɓe, amma kika ƙi safar hannu mai kauri don ba ta bari ki ji yadin.

Bana likita ya ce ko ta bar gam, ko ta rasa amfanin hannun. Daidai lokacin maigida ya sayar da sunan ma'aikatar da mazubai ga wani kamfanin waje. Kwana uku aka kafa kyamara a kan teburinta ana ɗaukar hannunta don kamfanin ya kwashi dabarar, ban da fuskarta. Ranar sallama aka yanka kek, aka miƙa mata butar lantarki da kati. Ko sunanta na cikin katin ba a rubuta daidai ba.

A ranar ce ta faɗa mini, kamar ba komai ba, cewa ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga jiragen nan a sama ba. Ba wanda ya taɓa gayyatarta. Ran Lahadi na ɗauke ta a motata, da ƙunshin koesister ɗinta, wani irin funkaso mai zaƙi, a cinya, muka hau tsaunin da masu jiragen suke taruwa. Ta daɗe tana kallon sama, hannu a goshi. Can wani ya sauke jirginsa a ciyawa kusa da mu. Ta gane aikinta tun daga nesa. Ta sunkuya za ta shafa gefen fiffiken.

"Anti, don Allah kar ki taɓa," in ji mutumin. "Abin nan ba na wasa ba ne, lallaɓa shi ake yi."

Ta janye hannu ta ɓoye a cikin gyale. Sai ta ce, "Gaskiyarka, ɗana. Amma ka daina kama shi ta nan, fatarsa ba kauri a wurin."

Ya yi dariya, ya ɗauki jirginsa ta inda ta hana, ya wuce. Wannan karon na yi magana, na bi shi na gaya masa ko wace ce. Ya ce, "Allah ko?" ya koma ga rimot ɗinsa.

Mun gode, Anti Galiema, gwanar da ba a yi wa guɗa ba. Allah ya warkar da hannun nan, ya biya ki abin da mu muka kasa. Ku masu tasowa, ku koyi aikinta da amanarta, amma kada ku koyi shirunmu. In akwai irinta a inda kuke aiki, ku faɗi sunanta tun tana kan teburinta.